Wayar Luba

Har yau wayar Luba tana ƙara. Mun binne yarinyar tun kafin azumi, amma wayar tana nan a ɗakina a Dutse Alhaji, ni nake kai ta caji.

Luba jikata ce, ko ashirin ba ta kai ba. Maganin ɓera ta sha, muka kwashe ta sai asibiti. Suka wanke mata ciki, wai ta warke. Warkewar me? Yarinyar da take wuni tana kallon bango, tuwo ya huce a gabanta? Likita ya ce shi ciki ne aikinsa, akwai ofishin masu duba damuwar matasa, za su kira. Lambarta ya karɓa. Ni da nake kwana da ita, ko kallona bai yi ba.

Ta sake sha, wannan karon ba a kai ga asibiti ba. Sai da aka share makoki 'yan ofishin suka fara kira. Murya mai daɗi, wai ana tuna wa Luba ranar zuwanta. In wayar ta yi ƙara, sai na waiga bakin gado inda take zama.

Na ɗauki wayar na tafi ofishin, na dire ta a teburin shugabarsu, Madam Rosemary.

"Ga Luban, na kawo muku."

Ta ce, "Mama, sorry. Sunanta late ya zo daga asibiti, a makare."

"Asibiti kuma sun ce ku ne kuka makara. Kin taɓa magana da likitan nan?"

"Ba haka muke aiki ba, Mama."

"Yau haka za ki yi. Kira shi a gabana, in ji wanda ya sake ta a cikinku. Ba inda za ni."

Ta nemo lambar wurin wata nas, ta kira. Ko ƙara biyu ba ta yi ba ya ɗaga. Suka gaisa, har da tambayar iyali. Ta faɗi sunan Luba. Na ji shi yana cewa wace Luba.

Na miƙa hannu.

"Ba ni shi nan, 'yata. Ni zan gaya masa wace ce."