Ƙwaƙwalwar Motar Majidu

A shekarar 2012 Abdulmajeed ya sayi sabuwar mota ta farko a rayuwarsa. Injiniyan ruwa ne, mataimakin darakta a wata hukumar gwamnatin tarayya da ke Maitama, yana da shekara arba'in da uku. Abuja ta wancan lokacin duk inda ka juya katafila ce ke aiki. An faɗaɗa hanyar Kubwa, kwaltar baƙa wuluk, fentin layukanta ko dushewa bai fara ba. Man fetur na da daraja a kasuwar duniya, albashi na shigowa a kan kari, har ma'aikaci irinsa, wanda ya shekara goma yana lallaɓa tsohuwar 'yar Kwatano, ya iya shiga kamfanin dillancin motoci ya fito da mota da ledarta a jikin kujeru.

'Yar Jamus ce, ruwan toka, mai tarbo, wato na'urar nan da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Ranar da zai ɗauke ta, wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Lucia ta miƙa masa ɗan littafi mai shuɗin bango, ta ce garantin shekara uku ne. Duk abin da ya lalace su za su gyara, muddin a wurinsu yake yin sabis, kuma bai bari wani bakanike na waje ya taɓa injin ba. Ya ce ya ji, ya sa hannu.

Mutum na farko da ya kai wa motar ya gani shi ne Thaddeus. Tare suka yi karatu a Kaduna, ɗaki ɗaya a Tudun Wada, tukunya ɗaya. Thaddeus bai bi aikin gwamnati ba. Yana zaune a Karu da iyalinsa, yana da shago a ƙauyen makanikai na Apo, sai dai ba a cika ganin baƙin mai a hannunsa ba. Shi aikinsa ƙwaƙwalwar mota, ɗan akwatin nan da ke gaya wa inji yawan man da zai sha da iskar da zai ja. Da kwamfuta da igiyar waya guda yake cin abinci.

Ya zagaya unguwa da ita sau ɗaya, ya dawo ya kashe, ya girgiza kai.

"Majeed, motar nan an ɗaure shi ne," in ji shi, da irin Hausarsa ta Abuja da ba ruwanta da mace ko namiji. "Kamfani sun rage masa ƙarfi saboda ba su san wane irin mai za a zuba masa a kowace ƙasa ba. Ka ba ni minti arba'in, zan kwance shi."

"Garantin fa?"

"Zan ajiye ainihin saitin kamfani a kwamfuta. Ranar da za ka je sabis, mu mayar. Waye zai sani?"

Wata huɗu Abdulmajeed yana cewa a'a. Matarsa Bilqis ma ta ce ya bar mota yadda Allah ya nufa aka ƙera ta. Amma wata Asabar da safe, bayan ya sauke ta a kasuwar Garki, sai kawai ya ga ya miƙe hanyar Apo. Thaddeus ya jona igiyarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora kwamfutar a cinya, wani koren layi ya yi ta tafiya a hankali har ya cika. Da suka hau babban titi, Abdulmajeed ya taka totur kamar yadda ya saba, sai ya ji kujera ta rungume masa baya. Wani siririn fito ya taso daga gaban motar. Ya yi salati da ƙarfi, Thaddeus kuwa ya yi ta dariya yana dukan cinyarsa, kamar zamanin da suke ɗalibai.

Ana cikin haka mahaifin Abdulmajeed ya zo daga Funtuwa don a cire masa yanar ido. Malam Sale tsohon direban roka ne, babbar motar kayan nan, shekara talatin yana ɗaukar auduga da gyaɗa zuwa Ikko, ya bar tuƙi ne da idanun suka dushe. Zaman Abuja bai yi masa daɗi ba. Gidan a rufe, maƙwabta ba sa fitowa gaisuwa, ruwan firji kuma yana sa masa ciwon haƙori. Da aka kwance masa bandeji, ya dawo yana gane fuskar jikokinsa daga nesa, abu na farko da ya nema shi ne randa.

Aka ce sai Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane. Suka tafi ranar Lahadi da hantsi, su uku da Thaddeus, wanda ya biyo su bayan ya fito daga coci. A hanyar Kubwa Abdulmajeed ya ɗan sake wa motar. Tsohon, da ke gaba, ya karkata kunne.

"Majidu, wannan ɗan ƙaramin injin ne ke wannan aikin?"

Thaddeus ya matso daga baya ya shiga bayani, da hannu da baki. Malam Sale ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"Ashe har yanzu ana yi. Mu ma mun yi, ɗana, amma da sukudireba. Akwai wani hawa bayan gadar Jebba, in ka yi lodi da yawa roka ba ta kai ƙarshensa sai da kuka. Sai mu buɗe famfon mai mu ɗan murɗa, rabin zagaye kawai. Mai motar bai taɓa sani ba." Ya yi dariya har da tari. "Me ka ce sunanka?"

"Thaddeus, Baba."

"Tadiyos. To, Tadiyos, kai ɗan gida ne."

Sun sayi randa biyu a wurin wata mata da ke zaune a inuwar mangwaro, hannuwanta jajur da yumɓu. Tsohon ya ƙwanƙwasa kowacce da ɗan yatsa ya ji amonta kafin ya yarda. Da za su juyo, ya je ya tsaya a jikin ƙofar direba. Abdulmajeed ya dube shi, ya dubi hanyar, ba kowa sai wani mai babur can nesa. Ya miƙa masa makulli.

Shekara tara rabon Malam Sale da sitiyari. Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya yi ta laluben kulocin da babu shi har sai da aka gaya masa ita ke canja giya da kanta. Da farko tafiyar hawainiya ya yi. Da suka fito wurin da hanya ta miƙe, duwatsun Bwari a dama, ruwan madatsar Usuma yana ƙyalli ta tsakanin itatuwa, sai ya taka. Fiton nan ya taso. Randunan suka yi ƙara a but. Abdulmajeed ya saci kallon mahaifinsa, ya ga bakinsa a buɗe kaɗan, idanun nan sababbi sun kafe a kan kwalta, ya ga fuskar da ya sani yana ƙarami, lokacin da roka ke tsayawa a ƙofar gidansu da ƙurar Ikko a jikinta.

Likita ya ce tsohon ya zauna wata uku ana duba idon. A wata na biyu motar ta ba da matsala. Abdulmajeed na kan hanyar ofis da safe, a hawan Asokoro, sai fiton ya rikiɗe ya koma kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ƙarfin ya zube gaba ɗaya. Thaddeus ya zo ya same shi a gefen titi, ya leƙa, ya goge hannu.

"Tarbo ya tafi. Ba zan yi maka ƙarya ba, Majeed, zai iya zama aikina ne, zai iya zama dama can da lahaninsa. Bari in mayar da saitin kamfani, ka kai musu."

Ya mayar. Ranar Litinin aka ja motar zuwa kamfani. Malam Sale ya biyo ɗansa, don daga nan za su wuce asibiti. Abdulmajeed ya zaunar da shi a ɗakin baƙi, ya shiga ofishin Lucia. A takardar da ta ba shi akwai tambaya: ko wani na waje ya taɓa inji ko ƙwaƙwalwarsa? Ya riƙe biro ya ɗan jima. Sannan ya rubuta a'a, ya sa hannu.

Da ya fito, kujerar mahaifinsa ba kowa. Ya hango shi can a bakin garejin, tsaye da wani dattijo mai furfura da shuɗiyar rigar aiki. Shi ne Mista Bartholomew, shugaban makanikan kamfanin, wanda ashe a kwatas ɗin reluwe na Funtuwa ya tashi, Hausarsa tas kamar ta Bakatsine. Sun riga sun gano mutum biyar da suka sani tare. Abdulmajeed ya iso daidai lokacin da tsohon ke cewa:

"Ai ba ka ji ta ba ne bayan Tadiyos ya buɗe mata ƙwaƙwalwa. Wallahi ni na tuƙa ta da hannuna daga Ushafa, kamar za ta tashi sama!"

Mista Bartholomew ya yi murmushi ya ce lallai Baba ya sha daɗi. Sannan ya ja Abdulmajeed gefe.

"Oga, kada ka ga laifinsa. Ko bai faɗa ba, akwatin nan yana riƙe da adadin sau nawa aka yi masa rubutu. Da na jona na'urarmu zan gani, kuma dole in rubuta cewa abin da ka sa wa hannu ba haka yake ba. Ka koma wurin Lucia ka karɓi takardar nan ka cike wata. Garantin inji ya tafi, wannan ba yadda zan yi. Sauran motar, na'urar sanyi da wayoyi da komai, suna nan a wuyanmu."

Abdulmajeed ya koma. Lucia ta miƙo sabuwar takarda, ta tura masa kwandon shara da ƙafa. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Suka shiga tasi zuwa asibiti. Can tsohon ya ce, "Na yi ɓarna ko?"

"Baba, ai ba a gaya musu irin wannan."

"Ba ka ce mini sirri ba ne."

Abdulmajeed ya juyo ya dube shi.

"Kuma da ka ce mini," in ji tsohon, yana kallon waje, "da ban biyo ka ba."

Aka mayar da motar Apo. Sati uku ta yi ana jiran tarbo daga Ikko, kuma a sati ukun nan Malam Sale bai yini a gida ko sau ɗaya ba. Kullum da safe sai ya shirya tun kafin ɗansa, a sauke shi a shagon Thaddeus. Aka samo masa benci a inuwar rumfa. Wata mai abinci, Rekiya, ta gane ba ya son yaji, ta riƙa ware masa miyarsa daban. Yana sallah da masu sayar da lemo da masu faci 'yan Katsina da Zamfara, har suka mai da shi limaminsu na azahar. Thaddeus ya nuna masa yadda ake karanta layukan da ke hawa da sauka a kwamfuta. Shi kuma ya koya wa Thaddeus yadda ake ɗora bakin sukudireba a jikin inji, a kafa kunne a ƙotar, a ji abin da ke ciwo a ciki. Da yamma idan Abdulmajeed ya zo ɗaukarsa, sai ya tarar da makanikai huɗu ko biyar a tsaitsaye ana ba su labarin hanyar Ikko kafin a yi mata kwalta mai kyau. Rabin labaran shi kansa bai taɓa jin su ba. Sai ya cire hula, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya saurara har a kira magariba.

Da aka kwance tsohon tarbon, aka tarar bututun da ke kai masa baƙin mai ya toshe rabi. Thaddeus ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Malam Sale ya ce toshewar ba aikin Thaddeus ba ce, amma shi ya sa jaki mai ciwo gudu. Suka yi ta musu, ba wanda ya ci.

Ranar da aka gama, Thaddeus ya jona igiyarsa ya tambaya wane saiti za a sa. Abdulmajeed ya ce na kamfani, ya gaji da fitina.

"Garantin ai ya riga ya tafi," in ji tsohon daga kan bencinsa. "Wa kuma kake jin tsoro? Tadiyos, murɗa mata rabin zagaye."

Haka aka yi, rabin na da. A cikinta Abdulmajeed ya mayar da mahaifinsa Funtuwa, randa ɗaya a kujerar baya an naɗe ta da bargo. Motar ba ta sake ba shi matsala ba har shekara biyar, lokacin da al'amura suka tsuke ya sayar wa wani ɗan kasuwar hatsi a Karshi.

Malam Sale ya rasu da damina a 2014. Thaddeus ya rufe shago ya bi abokinsa Funtuwa, ya yi kwana uku a kan tabarmar zaman makoki. A rana ta biyu tsofaffin direbobin tasha suka zo ta'aziyya a ƙungiyance, su kusan goma sha biyu, wasu da sanda. Bayan an shafa addu'a, ɗaya daga cikinsu ya ƙura wa baƙon ido ya ce, "Wannan shi ne na Abujan? Mai kwamfuta?" Kafin a ba shi amsa sauran sun fara miƙo hannu. Ashe marigayin ya sha ba su labarinsa: sun san unguwar da yake zaune, sun san sunan matarsa, sun san ba ya cin goro. Da za su tashi, babbansu ya riƙe masa hannu ya ce akwai wata tirela a tasha da ta gagari kowa wata biyu, in ba damuwa ya zo ya saurare ta kafin ya koma. Thaddeus ya dubi Abdulmajeed, Abdulmajeed ya ɗaga masa kai. Ya sa takalminsa ya bi su.