Furen Rhoda a Gwangwanin Madara

Ranar da matata Rhoda ta yi yaji zuwa gidan yayanta a Makera, ta kwashe tukwane, ta goya 'yarmu Dorcas, ta bar mini abu ɗaya a bakin taga: wata 'yar shuka a gwangwanin madara, kyautar matar fasto. Ganyenta gashi-gashi kamar kunnen zomo, furenta shuɗi.

"Baban Dorcas, ba ka taɓa kula da abu mai rai a ɗakin nan ba," in ji ta. "Bayan Ista zan zo ɗaukar akwatina. In na tarar ta mutu, jirgin ƙasa zan hau zuwa garinmu."

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Kafin masaƙar Kakuri ta mai da ni mai tura amalanke, dawa nake nomawa. Ina fure zai gagare ni?

Sai na yi mata abin da ake yi wa dawa. Na ja mata 'yar kunya da cokali a cikin gwangwanin. Na roƙo kashin awaki wurin Mamman mahauci. Kullum in ɗora ta kan rufin kwano ta sha rana, in ba ta ruwa safe da yamma, har in wanke mata ganye, abin da ko Dorcas ba ta taɓa samu a hannuna ba.

Furen ya zube. Ganyen suka yi tabo, suka kwanta. Na ƙara taki, na ƙara ruwa.

Anayo, makaniken da ke ɗakin kusa da nawa, ya leƙo ya shinshina.

"Oga Jethro, miya kake dafawa a nan?"

"Ka rufa mini asiri, Anayo. Aurena ne a gwangwanin nan."

"To, aurenka ya fara wari."

Na daina cin abincin rana, sai in rugo gida in tsaya a kanta. Na yi mata addu'a da yarenmu, da Hausa, har da ɗan Turancin masaƙa, tunda ban san ƙasarsu ba. Ranar Ista ganye ɗaya ya rage a tsaye, shi ma don na tokare shi da tsinken tsintsiya.

Da Rhoda ta zo, ko zama ba ta yi ba. Ta cusa yatsa a gwangwanin, baƙin ruwa ya tsattsafo.

"Wa ya ce ka kai ta rana?"

"Ai shuka ce."

"'Yar ɗaki ce! Inuwa take so, da ruwa kaɗan."

Ta ja shukar, saiwar ta fito a ruɓe. Na kalli akwatinta.

Ta jujjuya shukar a hannunta. Sannan ta tsinke ganyen nan ɗaya, ta juye taɓon a waje, ta ɗebo yashi ta zuba, ta soke ganyen a ciki.

"Zai yi saiwa in an bar shi wuri ɗaya. Ba zai jure jirgi ba. Kai kuma ko yini ɗaya ba zan bar maka shi ba."

Ta zauna bakin gado ta cire takalmi.

"Akwai garin tuwo a ɗakin nan?"

Babu. Na fita kasuwa da gudu, ko hula ban ɗauka ba.