Zazzaɓin Kwana na Uku

"Danne min ƙafa, ƙanwata. Gadon ne ke rawa ko ni ce?"

Mai ɗinki ta danne ƙafafun maƙwabciyarta da hannu biyu, ta ji su kamar dutsen guga. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ta raba su, Yaya take ce mata, amma ba ta taɓa jin haƙoran mutum na kaɗawa haka ba. Kwana uku ke nan da aka saka wa Yaya sabon maganin kansar jini a ɗakin asibitin nan. Jiya ma har tsokanar nas take yi.

Likita ya shigo da sauri, ya duba na'urar da ke kuka a kan gado, sannan ya ja mai ɗinki bakin ƙofa.

"Maganin ya tasa sojojin jikinta su yaƙi cutar, ta kuma ragu sosai. Akwai sinadaran da suke aika wa juna, kamar kiran a kawo ɗauki. To kiran ne ya yi yawa, har sun auka wa huhu da ƙoda."

"To ku sa su yi shiru mana, likita!"

"Allurar da muka yi mata ke nan. Sai jira."

Wayar mai ɗinki ta yi ƙara, 'yar Yaya ce, tana cikin mota, saura tafiyar awa huɗu.

"Inna, ya jikin Mama?"

"Da sauƙi," ta ce. "Ki dai yi sauri."

Da ta koma, Yaya ta janye robar iska daga hancinta. "Na ji shi. Ciwon kansar fa, ya ragu?"

"Ya ce ya ragu sosai."

"Kin ji. An kori ɓarawo, masu gadi sun cinna wa gida wuta." Ta so yin dariya, tari ya sarƙe ta. Ta damƙi hannun mai ɗinki. "Tsoro nake ji, ƙanwata. Kar ki fita."

Ba ta fita ba. Ko da ma'aikata suka cika ɗakin, tana manne da bango tana salati, har na'urar ta yi shiru, Yaya ta cika, rana na tsaka.

Da yamma ta koma gida ɗauko wa 'yar Yaya mabuɗin gidansu. A kan keken ɗinki, rigar Yaya da take rage wa ƙugu na nan yadda ta bar ta, allura a soke, zare na lilo.