Baba Shekwolo a Saman Injin Ɗaga Mota

Tun da Ayuba ya kafa injin ɗaga mota a garejinsa na Shango, babu wanda ya huta da wa'azinsa. Ya shata jan layi a ƙasa, ya hana kowa tsallakawa. A cewarsa, gaggawa ce ke kashe makanikai.

Ranar da Rifkatu, wata malamar firamare, ta kawo motarta birki na kuka, sai da ya nuna mata aikin tun daga farko. Ya durƙusa ya saita hannuwan injin a ƙarƙashin motar, ya ɗaga ta kaɗan, ya girgiza ta ya ga ta zauna daram, sannan ya kai ta sama ya saukar da ita kan makullin da ke hana ta faɗowa.

"Madam, a nan ba ma barin komai ba mu duba ba," in ji shi.

Rufe bakinsa ke da wuya aka ɗauke wuta. Sai ga gilashin baya yana sauka a hankali, wani tsoho ya leƙo.

"Rifkatu, mun iso asibitin ne?"

Mahaifinta ne, Baba Shekwolo, da ta ɗauko daga ƙauye don a duba masa gwiwa. Barci ya kwashe shi a kujerar baya, ita kuma bayanin Ayuba ya sa ta manta da shi.

"Baba, kada ka buɗe ƙofa. Oga, sauko da shi mana."

Ayuba ya share gumi. Makullin ba ya sakin mota sai an ƙara ɗaga ta kaɗan, ɗagawar kuwa sai da wuta, ga janareto ya kwana biyu a wurin gyara. Aka aro tsani. Baba ya dubi tsanin, ya shafa gwiwarsa, ya ce shi kam yana nan.

Haka ya wuni a sama. Aka miƙa masa gasasshiyar masara da ruwa, yana ci yana gaisawa da masu Keke Napep da suka taru kallo. Ayuba kuwa ya kasa taɓa ko noti ɗaya.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Da tayoyi suka taɓa ƙasa, tsohon ya fito yana ɗingishi, ya riƙe hannun Ayuba.

"Ɗana, wurinka akwai iska. Amma ita motar, me kuka gyara?"

Rifkatu ta kai shi asibiti washegari, birki na kuka.