Sake Jifa a Tsohuwar Mahaƙa

Aikin ba shi da wuya. Za ka juya wa fili baya, ka wurga firam ɗin katako mai kusurwa huɗu ta bisa kafaɗa, duk inda ya faɗi nan za ka tsuguna ka duba: ina tsiro ya rufe, ina ƙasa take tsirara, wane iri da wane iri suka fito. Ana juya baya ne don kada ido ya zaɓar wa hannu wuri mai kyau. Haka aka koya wa Sabuwa a jami'a, kuma ta ɗauka haka ake yi, sai ranar da ta bi Kawu tsohuwar mahaƙar dutse.

Kamfanin da ya haƙi dutsen ya cike ramin, ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa iri, yana ban ruwa. In awo ya nuna fili ya rufu, za a sallame su, su naɗe bututunsu su tafi. A ƙasan gangaren kuwa unguwa ce, gidan yayarta na layin farko.

Kawu aminin mahaifinta ne, shi ne babba a sashen da take aiki, shi ya fara koya mata sunayen itatuwa tun tana rarrafe a tsakar gida. Ya yi jifa, firam ya sauka a kore shar. Ta tsuguna tana tona da yatsa. Ciyawa iri ɗaya ce tak, ta kamfani, saiwarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Babu gamba, babu ko ɗan bagaruwa.

"Kore dai kore ne," in ji Kawu.

Da ya sake wurgawa, firam ya faɗa kan tsakuwa, gefen wata 'yar zaizaya.

"Kash, hannu ya kuɓuce. Direba, miƙo min."

Direba ya ɗauko yana dariya. "Oga, wannan kafaɗa taka ta san inda take ciwo. Ba ta taɓa kuɓucewa a kan ciyawa."

"Kawu, wannan ma jifa ne," in ji Sabuwa. "In za mu riƙa sakewa, me ya kawo mu? Gara mu zauna a ofis mu ce ya rufu."

"Ji mini 'yar nan! Jiya-jiya kika zo. Ciyawa rai gare ta, baɗi za ta rufe wajen da kanta. Kowa haka yake yi."

Kowa haka yake yi. Da wannan magana aka binne wurare da yawa, kuma masu faɗinta ba miyagu ba ne, sun dai gaji da tsayawa a rana.

"Ungo," ya ce, "jefa naki mu gani, malama."

Ta juya baya, ta wurga da ƙarfi. Ƙarar katako a kan dutse ta gaya mata tun kafin ta waiwaya. Ƙasa ce ja, ko ganye ɗaya babu. Direba ya kau da kai. Kawu ya cire hula yana share gumi, furfurarsa a fili, yana jiranta. In ta tsuguna a nan, ta ƙaryata shi a gaban direbansa ke nan.

Ta ɗauki firam ɗin. Ta sake jefawa.

Aka sallami kamfanin. Bututu na tafiya ciyawar ta bushe, iska ta kwashe ta. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko da gangaren cikin unguwa.

Ta sami yayarta da safe tana kwasar jan taɓo daga ɗaki da faranti, katifa a jingine da bango, jiƙe sharkaf.

"Auta, ba ku kuka je kuka auna ba?"

"Mu ne, Yaya."

"To, Allah ya kyauta. Kama min gadon nan mu fitar, ki kula da ƙafarki, akwai kwalba."