Katin Maigida

Wai maigidana ya fara gigin tsufa. A bakin surukata, matar babban ɗanmu, na fara ji, tana waya a kicin ɗina, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jaje. Kafin mako ya zagayo, maƙwabta sun koma gaishe shi da ƙarfi suna jan kalmomi.

Hujjar ita ce an sayi injin gudu, irin na masu rage tumbi, da katin bankinsa, shi kuwa ya ce bai san zancen ba. Mutumin da gwiwa ta hana hawa bene. Da ya buga wa banki suka tambaye shi ranar haihuwarsa, ya faɗa, suka ce ba ita ba ce, suka kashe waya. Ta gaskiya ya ba su. Wadda ke kan takardunsa wani malamin firamare ne ya ƙirƙira da ya dubi tsawonsa. Na yi wa yara bayani, suka dube ni kamar ni ma na kusa.

"Mama, kati ba ya ƙarya," in ji babban ɗanmu, ma'aikacin inshora. "Tsaro ne hawa-hawa, ba mai iya amfani da shi sai mai shi. Baba ya saya, ya manta inda ya ce a kai. Ranar Asabar za mu karɓi katin da makullin mota, sai a ga likita."

Maigida, wanda ya shekara arba'in yana awon filaye bai taɓa cin iyakar kowa ba, ya ce "To," yana juya makullin a tafin hannunsa.

Washegari na ɗauki katin bankinsa da katin shaidarsa na nufi kantin da aka yi cinikin. A ƙofa mai gadi ya goga wa jakata wani ƙarfe, ƙarfen ya yi kuka, ya ce in wuce. Na zaɓi ƙaramin firji, don na ji sai kaya masu tsada ake neman shaida.

Yarinyar kanta tana taunar cingam, waya maƙale a kunne.

"Mama, katin shaida."

Na miƙa. Hoton ga sanƙo, ga gemu, ga tabarau mai kauri. Ba ta ɗago ba. Ta kifa shi a injin kwafi, ta jefa takardar a kan wani tsibi kusa da taga. Fuskokin jama'a ne jingim, da adireshi da komai, wani ma ya ɗora kofin shayinsa a kai.

"Sa hannu a nan."

Na zana agwagwa. Har ƙafafu na yi mata.

"Mun gode, Mama. A kai gida, ko kin zo da mota?"

Na ce a kira mini manaja. Ya fito da katin aiki mai ɗauke da nasa hoton rataye a wuya kamar laya, yana murmushin da aka koya masa a kwas.

"Ɗana, dubi hoton nan, ka dube ni."

Ya duba. "Ai Baba ne ya aiko ki, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ƙa'idarmu a karɓi shaida, Mama, kuma an karɓa."

"Kyamarorin nan fa? Za su nuna wanda ya sayi injin gudu watan jiya?"

Ya sosa ƙeya. "Mai gyara muke jira."

Ranar Asabar suka hallara a falo, babba da matarsa da auta. Firjin na tsakar ɗaki, ko leda ban cire ba. Na ajiye rasit a kan tebur, agwagwa na kallon sama.

"Wa ya sayi wannan kuma?" in ji suruka, tana satar kallon maigida.

"Banki zai ce ubanku."

Na buga wa banki, na buɗe murya kowa ya ji. Ban shaƙe maƙogwaro ba, da muryata ta kullum na ce ni ce mai katin. Saurayin da ya ɗauka ya nemi cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, da lambobin ƙarshe na kati. Na ɗaga katunan biyu ina karantowa, yara na kallo.

"Mun tantance ka, yallaɓai. Me za mu yi maka?"

"Ina so a canja lambar wayar da kuke turo saƙo."

"Ba damuwa, yallaɓai. Faɗi sabuwar."

Na kashe. Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Babba ya buɗe baki zai kawo wani hawa na tsaron, sai ya hau duba agogo.

"Likitan na jira," in ji suruka a hankali.

"Ku je ya duba ku," in ji maigida. Ya miƙe da ƙyar, ya ce zai kai mota wanki.

Har yau ba a san wanda ya sayi injin gudun ba. Maigida lafiyarsa ƙalau, kuma a gidan nan shi kaɗai ne banki bai yarda shi ne shi ba.