Tukunyar Husseina a Dapango

Shekarar da fara ta cinye arewa, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, duk labarin da fatake suka kawo Zangon Sokode mai tayar da hankali ne. Yaƙin Turawa bai ƙare ba, kumandan, wato Baturen mulki, na ta neman samarin da zai kai soja, ga yunwa ta koro mutane daga ƙasar Mosi da Gurma sun taru a Dapango.

Husseina mai waina ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ƙanwarta Madina tana aure a Nano, kusa da Dapango, kuma tun damina ba wanda ya kawo gaisuwarta. Da liman, Malam Alassani, ya roƙi jama'a su fitar da zakka da sadaka, aka tara dawa da masara har daga Camba, ita ce ta fara cewa za ta bi motar da za ta kai abincin Dapango ta riƙa dahuwa.

Motar Ɗantani direba da gawayi take tafiya, don mai ya yi wuya. Ta yi tari ta tsaya, a sauka a tura. Bayan sun haye kogi a Mango sai gonaki suka koma kara tsirara, Husseina ta daina leƙe.

A Dapango aka ba su fili bayan masallaci. Malam Alassani ya ce, "Duk wanda ya miƙo ƙwarya a zuba masa. Kada a tambayi kowa ko yana salla." Husseina ta dama kunu, tana zubawa tana duban fuskoki. Ba Madina, ba mijinta Awudu.

Ana cikin rabo wata safiya sai dogaran kumandan suka ɓullo ta bayan kasuwa. Kafin mutane su ankara sun ɗaure samarin da ke layi, ƙwaryarsu a hannu. Kunu ya zube a ƙasa, mata na kuka. Washegari ko namiji ɗaya bai zo ba.

Husseina ta ce, "Malam, abinci muka kawo ko tarko muka ɗana wa bayin Allah?"

Malam ya sa rawani ya tafi bariki, ya dawo da la'asar ya ce an gaya masa kumandan ya fita rangadi.

Daga ranar mata suka riƙa zuwa da ƙwarya biyu biyu. Kowa ya san ta biyun ta wane ce, ba wanda ya furta. Buhuna na raguwa, Husseina na ci gaba da cika ludayi.

Sai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba ta miƙo ƙwarya mai ɗinki a baki. Husseina ta gane ƙwaryar. Ita ta ɗinke ta da kanta, ta sa a kayan auren Madina.

"Iya, ina mai wannan?"

Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai. Ta waiga hagu da dama, ta ce a hankali, "Yana dutse."

Da rana ta take, Husseina ta ɗora tulu a ka kamar mai zuwa ɗiban ruwa, ta bi tsohuwar. Cikin duwatsu ta tarar da maza kwance a inuwa, duk sun rame. Da ƙyar ta gane Awudu.

Ya ce, "Yaya, ke ce? Madina ta bi fataken goro zuwa Bawku da yaran. Ni na tsaya saboda mahaifiyata ba ta iya tafiya, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Yanzu hanya duk dogarai."

"Lafiya lau suka tafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙaramin yana gudawa lokacin. Ban sake jin komai ba."

A hanyar dawowa ta ga wani dogari zaune a gindin ɗorawa yana gyaran takalmi. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi tulun da ba ya ɗigar ruwa. Ta wuce ba ta waiga ba. Ko biyo ta ya yi, ko hutawa yake, ba ta sani ba. Ranar sai da ta ƙona kunu.

Da gari ya waye tsohuwar ta zo kamar kullum, ta miƙo ƙwarya, ta gyaɗa kai alamar mazan dutse na lafiya. Husseina ta sauke numfashi.

Ɗantani yana loda gawayi ya ce, "Yaya Husseina, ki shirya, gobe sai Sokode. Abin da ya rage ba zai kai ko'ina ba."

Ta ce, "Ka tafi da Malam, ku sake roƙon jama'a. In ka ga fataken Bawku a Mango, ka tambaya mini Madina matar Awudu na Nano. Ni ina nan."

Motar ta tashi da tari. Husseina ta ƙara ruwa a tukunya don kunun ya kai kowa, tana motsawa idonta na kan hanyar bariki.